Yankari, Mole, Masai Mara ko Kuruga: lissafin kuɗin zuwa kallon namun daji daga Birnin Kebbi

Mutum biyu za su shiga daji ɗaya, su tsaya gaban garken giwaye ɗaya, amma a dawo gida a tarar ɗaya ya kashe ninki uku na abin da ɗayan ya kashe. Ba a kuɗin jirgi bambancin yake ba, domin kusan daidai suka biya. Yana cikin watan da aka tafi, da yawan mutanen da suka raba kuɗin mota, da kuma ko da naira ake biyan kuɗin ƙofa ko da dala. Wanda ya san waɗannan kafin ya je wurin 'yan canji ya riga ya yi rabin lissafinsa.

A fara da cire waɗanda ba sa cikin zaɓi a yanzu, ko da yake su ne mafi kusa da mu. Gandun Tafkin Kainji, wanda aka kafa a 1979 ta hanyar haɗe dajin Borgu da na Zugurma, yana kudu da Yawuri kaɗan, amma 'yan bindiga sun daɗe da samun mafaka a cikinsa. Haka Kuyambana a Zamfara da Kamuku a Birnin Gwari. A tsallaken iyakar Kamba akwai gandun W na Nijar da Penjari na Benin, duk suna fama da hare-hare, kuma ko wurin raƙuman dawa na Kure kusa da Yamai an kashe mutum takwas a cikinsa a watan Agustan 2020. Kusanci ba araha ba ne idan rai ne jingina. Saura huɗu ko biyar da mutumin Kebbi zai iya zama ya yi wa lissafi da gaske: Yankari a Bauchi, Mole a arewacin Gana, Masai Mara a Kenya, Serengeti da Ngorongoro a Tanzaniya, sai Kuruga a Afirka ta Kudu.

Duk inda aka ambaci dala a nan, an ƙaddara ta a kan naira 1,500 don sauƙin lissafi. Ranar da za ka yi naka, sa farashin ranar.

Yankari: kuɗin yana kan hanya

Yankari daji ne mai faɗin kusan murabba'in kilomita 2,244 a ƙaramar hukumar Alkaleri. An keɓe shi a 1956, aka buɗe wa baƙi a 1962, ya zama na gwamnatin tarayya a 1991, sannan ya koma hannun gwamnatin Bauchi a 2006. Babu fasfo, babu biza, babu canjin kuɗi. Wannan kaɗai babban abu ne ga mai iyali, domin tun daga Satumban 2025 fasfo mai shafi 32 na shekara biyar naira 100,000 ne, mai shafi 64 na shekara goma kuma 200,000. Gida mai mutum shida ya kashe 600,000 ke nan kafin a ga ko da barewa.

Abin da ke cin kuɗi a tafiyar Yankari nisa ne. Daga Birnin Kebbi ta Argungu zuwa Sakkwato, a gangara Gusau, Funtuwa, Zariya, daga nan ko dai a bi ta Kano da Ningi ko a bi ta Saminaka da Jos zuwa Bauchi. Daga Bauchi a ɗauki hanyar Gombe, a karya a Dindima zuwa ƙofar Mainamaji, sannan a ƙara fiye da kilomita 40 a cikin daji kafin a isa masaukin Wikki. Jimla tsakanin kilomita 1,000 zuwa 1,100 tafiya ɗaya. Ba tafiyar yini ɗaya ba ce, kuma duk wanda ya ce zai yi ta a yini ɗaya zai kai dare a inda bai kamata ba. Tsakanin Gusau da Tsafe zuwa Funtuwa da rana tsaka ake wucewa, ba da asubar fari ba, ba bayan la'asar ba. A kwana Zariya ko Kano, gobe a ƙarasa. Kafin a tashi kuma a kira masaukin a ji halin da yankin Alkaleri yake ciki a makon.

Ga misalin gida mai mutum shida da motarsu. Zuwa da dawowa da 'yar zirga-zirga kilomita 2,400. Motar iyali mai shan lita 12 a kowace kilomita 100 za ta sha kusan lita 290, idan lita tana naira 1,000 an kashe 290,000. Kafin tafiya a canja baƙin mai, a duba birki da tayoyi har da safaya, a ware 80,000. Kwana biyu a hanya, ɗaki biyu kowane dare, a ƙaddara 30,000 kowane ɗaki, 120,000 ke nan. Kwana uku a Wikki, ɗaki biyu a kan 40,000, ya kama 240,000. Abincin kwana shida 250,000. Fita kallon dabbobi sau huɗu a ware 100,000, kuɗin ƙofa da na kyamara da tukuici 50,000. Duka ya tashi naira miliyan ɗaya da dubu ɗari da talatin. Farashin ɗaki da na fita yana sauyawa, musamman a hutun sallah da ƙarshen shekara, don haka a tabbatar da shi ta waya a gyara lissafin, amma ko an ƙara kashi 15 cikin ɗari na ko-ta-kwana bai kai miliyan ɗaya da rabi ba.

Mai son tafiya ta jirgi sai ya tashi daga filin Sir Ahmadu Bello ko na Sakkwato zuwa Abuja, ya sake kama wani zuwa Bauchi. Tikiti huɗu ga kowane mutum, ga kwanan Abuja idan lokutan jiragen ba su haɗu ba, ga shatar mota daga Bauchi. Ga mutum ɗaya ko biyu yana iya yin ma'ana. Ga mutum shida ya ninka kuɗin tafiyar gaba ɗaya.

Me za a gani? Gwaggon biri da gadu suna yawo har ƙofar ɗaki. A fita za a ga gwambaza, mazo, kanki, gwanki, wani lokaci ɓauna, ga dorina da kada a kogin Gaji. Yankari na da garken giwaye mafi girma da ya rage a Najeriya, amma dajin yana da duhuwa, kuma giwayen suna yawo nesa. Zaki kuwa akwai ragowarsa, sai dai kada ka yi wa yara alkawarinsa. Lokacin da ya fi shi ne ƙarshen rani, daga Fabrairu zuwa Afrilu, sa'ad da ciyawa ta bushe, tafkuna suka ƙafe, dabbobi suka taru a bakin Gaji. Wanda ya je a Agusta zai ga daji kore shar da birai, ya dawo yana cewa babu komai a Yankari, alhali watan ya zaɓa ba daidai ba. A shekarun nan azumi yana faɗowa cikin Fabrairu da Maris, saboda haka mako biyun bayan ƙaramar sallah su ne suka fi dacewa da yawancin iyalai, idan za a iya jure zafi.

Fitar safe ta fi ta yamma, kuma fita huɗu a kwana uku ta fi fita ɗaya nesa ba kusa ba. Nan ne bai kamata a yi ƙwauron kuɗi ba: an riga an kashe 290,000 a mai, ba a tsaya ana jan ciniki a kan fita ta biyu. Ruwan ɗumi na Wikki, wanda zafinsa ke tsaye a kan digiri 31 dare da rana, yana ƙasan masaukin. A ranakun hutu yana cika da maza da mata a cakuɗe, don haka mai iyali ya kai su da sassafe bayan asuba, kafin jama'a su sauko. A cika tanki a Bauchi, a riƙe tsabar kuɗi domin sabis ɗin waya ba shi da tabbas, kuma kada a bar gilashin mota a buɗe ko a riƙe leda a hannu a fili. Biran Wikki sun san leda abinci ce, suna fizgewa daga hannun yaro, suna buɗe ƙofar da ba a sa wa makulli ba.

Mole: giwa a ƙafa, ba biza

Mole shi ne gandun daji mafi girma a Gana, kusa da garin Damongo, tafiyar kamar awa uku daga Tamale. Ɗan Najeriya yana shiga Gana da fasfonsa ba tare da biza ba saboda yarjejeniyar ECOWAS, sai katin rigakafin shawara. A Tamale da zangon kowane gari za ka sami mai jin Hausa, masallaci da abincin halal ba abin nema ba ne, kuma tsohon masallacin ƙasa na Larabanga yana 'yan kilomitoci daga ƙofar gandun.

Abin da Mole ya fi Yankari da shi fita a ƙafa ce. Da safe da yamma jami'in gandu mai bindiga yana jan rukuni na tsawon kamar awa biyu, kuma daga Disamba zuwa Afrilu giwaye suna zuwa shan ruwa a tafkunan da ke ƙasan tudun da aka gina masauki a kai. Mutum yana zaune a baranda yana kallonsu. Fitar ƙafa ba ta buƙatar hayar mota, shi ya sa kuɗin cikin gandun ba shi da nauyi, da sidi ake biya. Dole a sa takalmi rufaffe, silifa ba ya shiga. Zaki da damisa a cire su daga rai.

Tsadar Mole a jirgi take. Hanyar mota ta arewa, ta Nijar da Burkina Faso, ba ta biyuwa yanzu. Ta kudu kuma sai an gangara Legas, a ƙetare Seme, Kwatano, Lome, Aflawo, sannan a sake hawowa arewa, kwanaki a mota. Jirgi kuwa hawa uku ne: gida zuwa Abuja ko Legas, daga nan Akra, daga Akra Tamale. Ga ma'aurata ko abokai biyu masu son giwa ido da ido, Mole ya fi Kenya araha sosai. Ga gida mai mutum shida, kuɗin tikiti ya cinye arahar.

Masai Mara: a nan wata ke yanke hukunci

Idan abin da ke ranka zaki ne kwance gefen mota, da damisa a kan reshe, da raƙumin dawa da jakin dawa a fili fetal, to Mara ce. Faɗinta kusan murabba'in kilomita 1,510 ne, ba ta kai Yankari girma ba, amma fili ne mai gajeriyar ciyawa, ido yana kai wa nesa, dabbobin kuma sun saba da mota. Daga Yuli zuwa Oktoba garkunan nyumbu, wata irin saniyar daji mai gemu, sama da miliyan ɗaya suna hawowa daga Serengeti suna ƙetare kogin Mara. Hotunan da ake gani a Facebook na dabbobi suna faɗawa ruwa kada na jiransu, na wannan lokacin ne.

Tun 2024 gundumar Narok, wadda Mara ke cikinta, ta raba kuɗin ƙofa gida biyu ga baƙon da ba mazaunin yankin ba: dala 100 a rana daga Janairu zuwa Yuni, dala 200 daga Yuli zuwa Disamba. Yara 'yan shekara 9 zuwa 17 dala 50. Zamanka ɗan Afirka bai sa ka cikin farashin 'yan Gabashin Afirka ba. Tikitin kuma na awa 12 ne, daga shida na safe zuwa shida na yamma, ba na awa 24 ba. Wanda ya taso daga Nairobi da safe, ya yi awa biyar zuwa shida a mota ta Narok, ya shiga gandu da ƙarfe huɗu na yamma, ya biya kuɗin yini guda cif don awa biyu. Shi ya sa masu lissafi suke kwana a wajen ƙofa ranar isowa, a Sekenani ko Talek, su fara shiga washegari da sassafe da abincin rana a mota. Mai kwana a cikin gandu kuma ya tabbata ya fita kafin goma na safe ranar tafiya, in ba haka ba a caje shi wata rana.

Mutum biyu, kwana uku na shiga: a Yuni dala 600, wato naira 900,000. A Agusta dala 1,200, naira miliyan ɗaya da dubu ɗari takwas. Kuɗin ƙofa kaɗai na mutum biyu a Agusta ya fi dukan tafiyar mutum shida zuwa Yankari.

Sai mota. Land Cruiser mai rufin da ake ɗagawa, da direba wanda shi ne ɗan jagora, ana hayarta ne a kan yini, kamar yadda ake ɗaukar shatar mota zuwa ɗaurin aure a Zuru: ko mutum biyu ne ko shida kuɗin ɗaya ne. A ƙaddara dala 250 a yini, kwana huɗu dala 1,000. Mutum biyu kowa 500, mutum shida kowa 167. Ƙaramar bas mai buɗaɗɗen rufi ta fi araha, tana kuma yin aiki a rani, amma a watannin ruwa na Afrilu da Mayu baƙar laka tana riƙe ta. Kada a cika mota fiye da yawan tagoginta. Wanda ya zauna a tsakiya ƙeyar mutane ya biya ya kalla.

Ga lissafin ma'aurata a watan Yuni, bisa irin farashin masaukai masu matsakaicin daraja. Jirgi zuwa Nairobi da dawowa a ware dala 900 kowane mutum, 1,800 ke nan. Kenya Airways na tashi kai tsaye daga Legas, kamar awa biyar, Ethiopian Airlines kuma yana ɗauka daga Kano da Abuja ta Adis Ababa, wanda ya fi wa mutumin Kebbi sauƙi. Kwana biyu a Nairobi, ɗaya a zuwa ɗaya a dawowa, dala 160. Mota 1,000. Tanti mai banɗaki da abinci sau uku a kan dala 150 kowane mutum kowane dare, kwana uku 900. Ƙofa 600. Tukuici 100. Inshora, layin waya, ruwa da ƙananan abubuwa 150. Jimla dala 4,710, naira miliyan bakwai da ɗoriya, ban da kuɗin zuwa Kano ko Abuja. Idan aka haɗa mota da wasu mutum huɗu, ya sauko kusan miliyan shida. Idan aka matsa tafiyar zuwa Agusta, ƙofa ta ƙaru da dala 600, tantin da yake 150 ya koma 250 ko fiye, jimla ta doshi miliyan tara.

A ganinmu, ga wanda wannan ce tafiyarsa ta farko, Agusta ba ta cancanci ƙarin miliyan biyun ba. Zakuna, giwaye, ɓauna, kuraye da dorinar Mara ba sa ƙaura, suna nan duk shekara. Ƙetaren kogi kuma ba shi da jadawali. Ana iya zama awa huɗu a bakin ruwa cikin motoci hamsin, garken ya matso, ya shinshina, ya juya. Janairu zuwa farkon Maris, da kuma Yuni, kuɗin ƙofa rabi ne, motoci kaɗan ne. Nuwamba tana yaudarar mutane: ɗakuna sun sauko, amma ƙofa tana nan a dala 200.

Hawan balan-balan da asuba yana kai wa dala 450 zuwa sama kowane mutum na awa guda. Kuɗin mutum biyu ya ishi ƙarin kwana biyu a tanti. Ƙaramin jirgi daga filin Wilson na Nairobi yana kai mutum Mara cikin minti 45, sai dai kaya kilo 15 ne kawai, a jaka mai laushi, akwatin ƙarfe ko na roba mai tayoyi ba ya shiga. Ziyarar ƙauyen Masai ita ma da kuɗinta daban, ba ta cikin farashin da wakili ya faɗa sai in ya rubuta.

Batun izinin shiga: a Janairun 2024 Kenya ta maye gurbin biza da izinin da ake cikewa a intanet, a 2025 kuma ta ɗauke wa 'yan yawancin ƙasashen Afirka shi, ban da Somaliya da Libiya. A tambayi kamfanin jirgin ranar sayen tikiti, domin su ne ke tsayar da fasinja a filin jirgi.

Tanzaniya da Kuruga

Serengeti ta ninka Mara kusan sau goma a girma, kuma ramin Ngorongoro na daga wuraren da aka fi samun karkanda. Amma Tanzaniya tana caji hawa-hawa, kowane hawa da harajin kashi 18 a kai. A jadawalin shekarun 2023 zuwa 2025, da harajin a ciki, shiga Serengeti dala 82.60 ce a awa 24, kwana a masaukin cikin gandu ƙarin dala 70.80 ban da kuɗin ɗakin kansa. Hanyar mota da aka fi bi daga garin Arusha na arewacin Tanzaniya zuwa Serengeti tana ratsa yankin Ngorongoro, a biya dala 70.80 a zuwa, a sake biya a dawowa. Gangarawa cikin ramin dala 295 kowace mota. Mutum biyu, kwana biyu a Serengeti da gangara ɗaya, sun biya kusan dala 1,200 ga hukuma kafin a zo maganar mota, ɗaki ko abinci. Ga babbar matsalar: Najeriya tana cikin ƙasashen da ba a ba 'yan ƙasarsu biza a filin jirgi, sai an nemi izini daga hedikwatar shige da fice tun da wuri, kuma yana iya ɗaukar wata biyu. Wanda ya sayi tikiti kafin izinin ya fito ya sa kuɗinsa a caca. Tanzaniya ta tafiya ta biyu ce, ga wanda ya riga ya ga Mara kuma yana son haihuwar nyumbu a Ndutu, yankin da ke kudancin Serengeti, cikin Fabrairu.

Kuruga akasin haka ne. Girmansa ya kusa murabba'in kilomita 19,500, akwai kwalta a ciki, mutum yana tuƙa kansa a ƙaramar motar haya, babu dole sai da ɗan jagora. Kuɗin shiga na baƙo a shekarar 2024 zuwa 2025 rand 535 ne a rana, kusan dala 30, ana kuma ƙara shi kowace Nuwamba. Masaukan hukuma irin su Skukuza, Satara da Lower Sabie suna da ɗakuna masu wurin girki, abin da ke rage kuɗin abinci ya kuma warware matsalar yanka: a sayi naman halal a Johannesbag ko Mbombela a shiga da shi cikin kula. Ana buɗe kama ɗaki wata 11 kafin lokaci, masu kyau suna ƙarewa da wuri. Mayu zuwa Satumba ne lokacin rani da sanyi a can. Tuƙi a hannun hagu ne, gudu kilomita 50 a kwalta, 40 a burji, kuma wanda ya makara bayan an rufe ƙofar masauki da yamma tara ce. Kamfanonin haya suna riƙe kuɗin jingina a katin banki, wanda katin naira mai iyaka ba lallai ya ɗauka ba. A mako guda Kuruga ya fi Mara araha ƙwarai, musamman ga mutum huɗu. Cikas ɗinsa biza ce: ana neman bayanan asusu da shaidar masauki, tana ɗaukar lokaci, ana kuma hana mutane. Duk ɗakin da za a kama kafin ta fito ya zama wanda ake mayar da kuɗinsa.

Inda lissafi ke yoyo

Mafi yawan waɗanda kuɗi ya yanke musu a hanya ba babban abu ne ya kayar da su ba. Wakilin tafiye-tafiye ya turo farashi mai daɗi, sai an isa ƙofa a ji kuɗin shiga ba ya ciki. Araha ba ta ado. Kafin a ba da kafin alƙalami a nemi takarda da ta faɗi sunan masaukin, ko yana cikin gandu ko waje, kwana nawa na kuɗin ƙofa aka sa, irin motar, mutum nawa ne a cikinta, fita nawa a rana, da nawa za a mayar idan biza ba ta fito ba. Farashin da ake tallatawa na kowane mutum ne idan biyu suka raba ɗaki, mai tafiya shi kaɗai yana biyan ƙari. A duba sunan masaukin a intanet, a rubuta musu kai tsaye a tambaya ko sun san kamfanin. Kada a tura kuɗi asusun mutum, sai na kamfani, kuma kada kafin alƙalami ya wuce kashi 30 cikin ɗari.

Naira tana motsi tsakanin ranar da aka yi ciniki da ranar da za a cika kuɗi. Idan dala ta tashi da naira 100 a kan tafiyar dala 4,700, an ƙara maka 470,000 ba tare da an ƙara maka ko kofin shayi ba. Mai tara kuɗin tafiya ta adashi ya riƙa canja kowane kwasa zuwa dala yana ajiyewa a asusun dala, kada ya jira ƙarshe. Ana kuma iya neman kuɗin guzuri ta banki, wanda iyakarsa dala 4,000 ce a wata uku, da fasfo da tikiti. Wurin 'yan canji a zaɓi sababbin takardu marasa yaga ko rubutu, domin a Gabashin Afirka ana ƙin tsofaffi, a kuma nemi ƙananan dala biyar da goma saboda tukuici. Direba yana sa ran dala 10 zuwa 20 a yini, ma'aikatan masauki suna da akwati guda da ake sakawa ranar tafiya.

Allurar shawara sai ta kwana goma kafin katin ya fara aiki, kuma sau ɗaya ake yi a rayuwa. Mara tana kan tudu sama da mita 1,500, bakin Ngorongoro ya haura 2,200, sanyin asuba a buɗaɗɗiyar mota cikin Yuli ya kai na tsakiyar hunturu. A sayi rigar sanyi a gwanjo a gida, can da dala ce. Farar shadda tana komawa ja kafin azahar, shuɗi da baƙi kuma suna jawo ƙudan tsando, don haka ruwan ƙasa da ruwan toka su ne tufafin daji. Kenya ta haramta leda tun 2017, Tanzaniya tun 2019, saboda haka guzurin da aka ƙulla a leda a juye shi a roba mai murfi, kilishi kuwa a bar shi gida, jami'an kwastan ba sa wasa da nama. Tabaron hangen nesa guda mai lamba 8x42 ya fi sabuwar waya amfani, mutum biyu za su iya karɓa-karɓa.

A sanar da masauki maganar abincin halal a rubuce tun lokacin kama ɗaki, in ba su da shi a tsaya kan kifi, ƙwai da ganye. A cikin gandu ba a sauka daga mota sai a wuraren da aka ware, don haka a fita da alwala, a gaya wa direba tun da safe cewa za a tsaya sallah a wurin cin abincin rana, matafiyi kuma yana da sauƙin ƙasaru da haɗa azahar da la'asar.

Mai yara ƙanana, ko wanda abin da ya ware bai wuce miliyan biyu ba, ya nufi Yankari a Maris ko Afrilu ya ƙara kwana maimakon ya ƙara nisa. Yaro ɗan ƙasa da shekara bakwai ba ya jure awa shida a mota yana shiru, wasu masaukan Kenya ma ba sa karɓarsa, amma gadu da birai da ruwan Wikki sun ishe shi labari. Ma'aurata masu miliyan shida zuwa bakwai su tafi Mara a Yuni ko Fabrairu, su nemi wasu mutum huɗu tun daga gida a cika mota. Abokai huɗu masu lasisin tuƙi na ƙasa da ƙasa da haƙurin jiran biza su fara neman ta Afirka ta Kudu wata uku kafin Yuni, tikitin jirgi kuma sai ranar da fasfo ya dawo hannu.